Ranar da Na Bar Ruwa a Layin Baba Nomau

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da bawa ya aikata tun kafin bawan ya sami bakin faɗa. Wannan babi saboda ku na rubuta shi, Sale da Hadiza da ƙannenku, don na ga kun girma riƙe da labarin da ba haka yake ba. Kun tashi kuna jin tsofaffin Jiratawa suna kirana Ɗan Tsalle, da kuka tambaya sai na ce muku wai da ina yaro babu mai kayar da ni a langa. Ƙarya na yi muku. Ban taɓa iya langa ba. Kun kuma ji wai hassada aka yi mini na bar aikin famfo. Shi ma ba haka ba ne, ni na bar ku da shi don ya fi daɗin ji. Karatuna bai yi nisa ba, aji shida na yi a lakwal na ajiye, don haka kada ku nemi ƙawa a rubutuna.

Abin da ya tayar da maganar kun san shi, don a gabanku aka yi. Ranar Sallar da ta wuce Sale ya fito da wani tsohon wasa a wayarsa, shi da mijin Hadiza suka yi ta fama da mataki na uku, ɗan mutumin yana ta faɗawa rami. Na ce a miƙo mini. Kuka yi dariya, kuka miƙo. Na haye wurin a karo na biyu, duk da gilashin waya ba shi da maɓallin da yatsa zai ji. Kuka tsaya kuna kallona kamar na yi magana da Sinanci. Mahaifiyarku kuwa ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye, sannan ta ce:

"Malam, ko dai lokaci ya yi?"

Lokaci ya yi. Ga labarin.

A shekarar da Rabi, mahaifiyarku, take da cikin Sale, ni ne mai kula da ɗaya daga cikin famfunan gonakin rani a Jiratawa. Injin yana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da ƙarfin kuran, wato wutar lantarki, ya zuba a babbar magudanar siminti, daga nan ruwan ya rabu layi-layi zuwa gonaki. Kowane layi da ƙofarsa ta ƙarfe, kowane layi da lokacinsa. A ƙarƙashina akwai layi biyu, na gabas da na yamma. Na gabas yana sha daga safe zuwa tsakar rana, sai in sauke ƙofarsa in ɗaga ta yamma. Ƙungiyar manoma tana da doka ɗaya da ba a wasa da ita: manomi ba ya taɓa ƙofar ruwa, ko da gonarsa tana ƙonewa a kan idonsa. Mai famfo kaɗai ke ɗagawa, shi ke saukewa. Wanda aka samu ya buɗe da hannunsa ɓarawon ruwa ne, hukuncinsa a karɓe gonar a ba wani. Aikin yana zuwa da ɗan fili na noma, da mabuɗin ɗakin famfo, da girma. Shekara shida na yi ban taɓa makara ba. Mata masu tsinkar zogale da ni suke gane lokaci, in sun ji ƙarar ƙofa sai su ce azahar ta kusa. Ban taɓa shiga gida hannu rabbana ba, wannan ya ba ni tumatir, wancan salati. Ina faɗin haka ne don ku san ba rago ba ne ubanku, kuma don ku san tsayin wurin da na faɗo.

Ina da aboki tun lakwal, Idi, mai gyaran rediyo da tele a Sabon Gari. Wata rana na shiga Maraɗi sayen man inji, na biya shagonsa, na tarar an yi cincirindo a ƙofa. Wani ne ya zo da na'urar wasa daga tsallaken iyaka, ya bar ta wurin Idi. 'Yar akwati ce fara, ana cusa mata kaset a baki, ga abin riƙewa mai maɓallai da waya. Idi ya ce wasan da ke ciki daga wani fim na Turawa aka ciro shi, labarin wani jarumi mai rufe fuska da ke tsare garinsu daga miyagu. Ni ban ga fim ɗin ba, har yau ban gani ba. Abin da na gani shi ne ɗan mutum bai fi babban yatsana ba, da mayafi a kafaɗa, yana gudu daga hagu zuwa dama, yana naushi, yana tsallake rami, yana hawa rufin gidaje. In ya iso tsakanin bango biyu sai ya manne da wannan, ya tuma ya manne da wancan, har ya kai sama. Rai uku gare shi. In sun ƙare ka koma baya. Na'urar kuma ba ta da tunani, da ka kashe ta ta manta duk wahalar da ka sha, gobe daga farko za ka soma.

"Mataki biyar ne," in ji Idi, "amma duk Sabon Gari babu wanda ya ga ƙarshensa. 'Yan lise ma, manyan 'yan makarantar nan, a na huɗu suke mutuwa."

"Ba ni in gwada."

"Kai da hannunka na hauya? Za ka fasa mini maɓalli."

Na gwada. Na mutu sau uku kafin shayin Idi ya huce. Amma na tafi gida kiɗan wasan yana yawo a kaina, kuma da sati ya zagayo na ƙirƙiro dalilin komawa Maraɗi. Daga baya hayaniyar 'yan kallo ta ishi Idi, ta hana shi aiki, sai ya ce in tafi da na'urar in riƙe masa, ya haɗa mini da wata 'yar tele da mai ita bai dawo ɗauka ba. Gidanmu na Jiratawa ba kuran a lokacin. Wuri ɗaya na sani da kuran ba ya yankewa da rana, kuma mabuɗinsa yana aljihuna.

Ba faɗan ne ya kama ni ba, tsallen ne. Komai na wasan nan lokaci ne, kamar ruwa. In ka tuma da wuri ka faɗa, in ka jinkirta ka faɗa. Akwai wurin da ƙasa ke tafiya da kanta ƙarƙashin ƙafarka, akwai wurin da wuta ke fitowa daga bango sau biyu ta huta, sai ka ƙirga a zuci ka wuce cikin hutun. Ni da na yi shekara shida ina auna ruwa da ido, na tarar hannuna ya san wannan aikin. Cikin wata biyu na wuce inda 'yan lise ke mutuwa. Ba wanda ya koya mini, ba littafi, rubutun da ke fitowa ma ban iya karanta shi ba. Babban yatsana ya yi kanta a wurin da hauya ba ta taɓawa. Ina ɗaga ƙofa, in koma ɗaki in rufo, injin yana ruri yana ɓoye kiɗan. Na ce wa kaina ai ba wanda nake cuta.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Baba Nomau, don ba ku riske shi ba. Dattijo ne daga wani ƙauye kusa da Tibiri, cikin mutanen da ke bin al'adar kaka da kakanni, waɗanda ake kira Anna. Gonarsa ta wajen marigayiyar matarsa ta zo masa, tana can ƙarshen layin gabas, albasa yake nomawa. Da ita yake ci da 'yarsa da mijinta ya rasu da jikoki huɗu. Ba ya zuwa masallaci. Akwai wata tsamiya daf da inda ƙofofin ruwa suke, duk Juma'a yakan zo da ɗan ƙoƙo ya zuba gumba a gindinta, ya yi 'yan maganganunsa ƙasa-ƙasa ya tafi. Mutane suna gaisawa da shi, suna sayen irin albasa wurinsa don nasa ba ya ƙarya, amma baƙo ne sau biyu, ga gari ga addini.

Ranar wata Juma'a ce, sanyi ya wuce, zafi ya kama sosai. Mutanen layin yamma sun yi dashen tattasai da safe a busasshiyar ƙasa, suka buɗe bakin kunyoyinsu yadda ruwa zai shiga da kansa, suka yi wanka suka tafi Maraɗi, don bayan masallaci akwai walima gidan shugaban ƙungiya, Alhaji Mati. Sun tafi hankali kwance saboda sun san wanda ke riƙe da ƙofa. Ni kuwa tun hantsi na zauna, kuma a ranar hannuna ya faɗa daidai yadda bai taɓa ba. Na wuce mataki na ɗaya da na biyu ban rasa rai ko ɗaya ba. Lokacin da rana ta take tsaka ina cikin na huɗu. Sai na ji murya a bakin taga.

"Mai famfo, ruwa ya ishe mu."

"To Baba, ga ni nan."

Ban juya ba. Bayan wani lokaci muryar ta sake dawowa.

"Mai famfo, ruwa ya fara hawa kunya."

"Yanzun nan, Baba."

A nan ne nake son ku ji abin da ya fi ba ni kunya. Na'urar tana da maɓallin tsayarwa. In ka danna shi ɗan mutumin sai ya daskare a inda yake, ya jira ka ko zuwa gobe. Daga ɗakin famfo zuwa ƙofofin taku arba'in ne. Ban danna ba don ina tsoron hannuna ya huce. Na shiga mataki na biyar, inda ban taɓa takawa ba, wata doguwar hasumiya da ake hawa bango-bango. Na mutu na sake, na mutu na sake. Ban ji kiran salla ba. A can sama na tarar da babban mugun, ƙato mai hannun ƙarfe, ya kashe ni ban san adadi ba, har na gane cewa kafin ya kawo duka yana ɗan sunkuyawa. Da na gane haka na gama da shi. Hotuna suka fito, jarumin yana tsaye a kan rufi gari na ƙasansa, kiɗa ya canza, rubutu yana hawa sama. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki ina huci, rigata sharkaf. Na buɗe ƙofa don in sha iska, sai na ga inuwar tsamiya ta miƙe gabas. La'asar ta wuce.

Na yi gudu na sauke ƙofar layin gabas na ɗaga ta yamma, amma aikin gama ya gama. Dashen tattasai ya kwanta a ƙasa kamar zaren da aka jiƙa aka yar. Layin gabas kuwa ya cika ya batse, gonar Baba Nomau da ke ƙarshe ta zama tafki. Kafin magariba masu gona suka dawo da manyan rigunansu, suka tsaya a bakin kunyoyi. Alhaji Mati ya kira ni gefe.

"Laminu, mi ya faru?"

"Alhaji, na sauke ta gabas na ɗaga ta yamma kafin in tafi masallaci. Da na dawo na iske an juya su."

Haka ta fito, sumul, kamar na kwana ina shirya ta. Ban ambaci sunan kowa ba, kuma shekaru na yi ina fakewa da wannan. Amma ba sai na ambata ba. Ranar Juma'a da azahar namiji ɗaya ne ke cikin gonaki. Mata masu tsinkar zogale sun gan shi gindin tsamiya da ƙoƙonsa, sun gan shi yana kai da kawowa wajen ƙofofi. Ruwan kuma a gonarsa ya taru. Wani ya ce kwaɗayi ne ya yi masa yawa har ya nutsar da albasarsa, wani ya ce iskokinsa ne suka nemi ruwa. Aka sa taro ranar Litinin da hantsi, kowa kuma ya san abin da za a yanke.

A gida Inna, kakarku, ita ta fara tayar da maganar, ranar Asabar muna cin tuwo. Inna mace ce mai yawan salla, ba ta taɓa son al'amarin tsamiyar nan ba, in za ta wuce wurin sai ta yi ta'awizi.

"Ni dai abin bai shige ni ba," ta ce. "Mutumen nan hanyarsa daban, Allah shi shirye shi. Amma shekara nawa, ban taɓa jin ya ɗauki ko tsinken wani ba. Akuyarmu ta ɓata kwana biyu, shi ya jawo ta har ƙofar gida."

"Inna, mutum ai ba a shaidarsa."

"Haka ne. Wane masallaci ka yi Juma'a?"

"Maraɗi."

"Da wace riga?" in ji Rabi, ba ta ko ɗago kai daga kwano ba. "Farar tana nan a ninke yadda na ajiye ta."

Na ce da ta jikina na tafi. Inna ta wanke hannu tun ba ta ƙoshi ba.

Ranar Lahadi na tafi wurin Baba Nomau. Zan so in ce muku neman gafara ya kai ni, amma na yi alkawarin gaskiya: na je ne in ji ko zai tona ni. Na same shi a bakin gonarsa yana yanke wa ruwan hanya da hauya, yana ɗaga albasar da za ta ɗagu. Muka gaisa, ya nuna mini kututture na zauna.

"Baba, gobe mi za ka ce masu?"

"In ce ban taɓa ƙofa ba."

"Shi ke nan?"

"Akwai saura?"

"Ka zo ɗakin famfo."

"Na zo, sau biyu. Na iske an hau ka." Ya jingina hauyar. "Mu a wurinmu, in aka hau mutum ba a jijjiga shi, ba a kuma kai maganar kasuwa. Na ga idonka, na ga yadda hannunka ke rawa, na ji kiɗan. Naka ɗan ƙarami ne, amma ya riƙe ka da kyau. Abin da ke tsakanin mutum da wanda yake ma hidima, ni ba ni shiga."

"Baba, wasa ne fa. Na'ura ce, Turawa suka ƙera."

"To. Kai ka san sunansa. Ni dai nawa gumba yake sha, sau ɗaya a bakwai, bai taɓa neman tattasan mutane ba."

Har yau ban san ko da gaske yake ko zolayata yake yi ba, fuskarsa ba ta nuna ba. Na tambaye shi me ya hana shi sauke ƙofar da kansa tunda ya ga gonarsa na nutsewa. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Doka ta ce manomi ba ya taɓawa."

"In sun karɓe gonar fa?"

"In koma Tibiri wajen ƙanena. Ƙasa ba ta ƙare ba. Sai dai yaran nan sun saba da nan."

Na tashi na tafi da abin da na zo nema: ba zai tona ni ba. Ban taɓa samun abin da nake so ya yi mini nauyi haka ba. Ni mai salla biyar na yi ƙarya da masallaci, shi mai zuba gumba gindin tsamiya ya tsaya yana kallon albasarsa na nutsewa don kada ya karya doka.

Da na isa gida na yi alwalar magariba, na shiga ɗaki, sai na tarar an shimfiɗa mini tabarmar salla. A daidai inda goshina ke sauka an ajiye abin riƙe wasan, an naɗe wayarsa tsaf. Rabi ta ɗauki mabuɗi a aljihun rigata ta je ɗakin famfo da tsohon cikinta. Tana zaune bakin gado.

"Mene ne wannan?"

"Na ga can ka fi fuskanta, na ce in sauƙaƙa maka."

Na ɗaga murya, na ce ta san abin da take yi kuwa, in na yi magana aiki ya tafi, fili ya tafi, ga ta wata tara, ga Inna. Ta bari na gama.

"Malam, talauci na iya shi, a gidanmu na koya. Abin da ban iya ba shi ne in goya ɗa in bi ta gaban gonar tsohon nan, wani na nomanta, in ce wa ɗan ga aikin ubanka."

Daga tsakar gida Inna ta ce, da ƙarfin da za mu ji, "Rabi, in kin gama zo ki ci abinci. Shi ya san inda nasa yake."

Ranar Litinin aka taru ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, manoman layi biyu duka, Baba Nomau yana zaune can gefe a kan takalminsa. Na zo da buhu a kai. Alhaji Mati ya buɗe taro da addu'a, ya juya zai kira tsohon, sai na miƙe. Na sauke buhun, na fito da tele da na'urar na jera a kan tabarma gaban Alhaji. Na ce ban sauke ƙofa ba, ban je masallaci ba, ban bar ɗakin famfo ba tun hantsi har la'asar. Na ce Baba Nomau ya zo sau biyu ya gaya mini, na ce masa ga ni nan. Na ce ƙarya na yi ranar Juma'a, kuma na kwana uku ina kallon ana shirin korar mutum a kan laifina.

Alhaji ya dubi kayan, ya dube ni.

"Giya ce a ciki?"

"A'a, Alhaji. Wasa ne."

"Caca?"

"Ko dala ba a ci."

"To mi ake samu?"

Wani daga layin yamma, Malam Habu, wanda dashensa ya fi na kowa yawa, ya ce shi ba zai yarda ba sai ya ga abin da idonsa, don bai yarda akwai wasan da zai hana magidanci Juma'a ba. Haka taron ya tashi gaba ɗaya zuwa ɗakin famfo. Na haɗa wayoyi, dattawa suka cika ƙofa da taga, kiɗa ya tashi, ɗan mutumin ya fito yana gudu. Na tsallake rami ɗaya, na manne bango na tuma. Malam Habu ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Wanga ɗan tsallen ne ya cinye mini tattasai?"

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka yi ta zagi, kuma duka biyun na cancanta. Daga ranar sunan ya bi ni. Aka koma ƙarƙashin bishiya aka yanke: in ajiye mabuɗi, filin aiki ya koma ga wanda zai gaje ni, in kuma sake wa mutanen yamma dashe da hannuna. Sannan Alhaji Mati, Allah ya jiƙansa, ya tashi daga kujerarsa ya taka har inda Baba Nomau yake, ya durƙusa ya ce, "Baba, mun zalunce ka da zato, ka yafe mana." Tsohon ya ce ba komai, a dai taimaka masa da hannu a fitar da ruwan.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Na yi wata biyu ina dashe da ban ruwa a gonakin mutane, ina wucewa yara na tsalle a bayana. Na mayar wa Idi kayansa, ban sake taɓa wasan ba sai ranar da Sale ya miƙo mini waya. Da damina ta kusa muka tattara muka koma Sabon Gari, ɗaki ɗaya da rumfa. Na hau kabu-kabu, shekara goma sha tara ina kan moto cikin rana, shi ne ciwon bayan da kuke ji ina kuka da shi. Rabi ta soya ƙosai a bakin titi har hayaƙi ya rage mata gani. Inna ba ta taɓa sabawa da birni ba, takan zauna bakin ƙofa ta ce ita kore take marmarin gani, kuma a nan ta rasu ba ta koma ba. Wannan ba iƙirarina ya jawo shi ba, taku arba'in da na ƙi yi ne ya jawo shi. Na nemi gafararta tana da rai, ta ce ta yafe tun ranar Litinin ɗin.

Amma ba zan ɓoye muku ba, ina alfahari da wannan Litinin. Ban gina bene ba, ban je Makka ba sai da kuka kai ni, amma na taɓa tsayawa gaban mutum sittin na kwance wa kaina zani don kada a kori tsoho daga gonarsa, alhali na san ba mai tona ni. Ina alfahari da matar da ta ajiye abin nan a kan tabarmata. Baba Nomau ya noma gonarsa har ya mutu, jikokinsa ke nomanta yau. Buhun albasar da ke iso mana duk shekara, wanda kuke cewa na dangin Jiratawa, daga wurinsu yake. Ba mu haɗa jini ba. In na mutu kuka ga ya ci gaba da zuwa, ku karɓa da hannu biyu, ku kuma riƙa zuwa gaishe su.

Buhun farko shi da kansa ya kawo, ranar sunan Sale. Ya zo a kan jaki, ya ƙi shiga cikin malamai, ya zauna bakin zaure. Da aka shafa fatiha na kai masa goro, sai ya riƙe hannuna ya jawo ni kusa.

"Ɗana, tambaya ɗaya nake da ita tun ranar. Abin da kake faɗa da shi a cikin akwatin, ka kashe shi kuwa?"

Duk taron Litinin ba wanda ya tambaye ni wannan. Idi ma ban gaya masa ba, don kunya. Na duba hagu da dama, na ce:

"Na kashe shi, Baba. Duk Maraɗi ni kaɗai."

Ya gyaɗa kai, ya ɓare goronsa.

"To madalla. Da tattasan ya mutu a banza."

Allah ya gafarta mini, har yau in na tuna sai in ji daɗi. Ku kuma ku yafe mini ƙaryar langa.